Zamanin Ido-da-Ido: Yadda Na'urar Aljihu da Kwamfuta Suka Yi Hira da Haske

A saman tsofaffin wayoyin Nokia, wasu kuma a gefe, akwai wani ɗan baƙin gilashi mai sirkin ja, girmansa bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Duk wanda ya riski shekarun farko na wayar salula a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san amfaninsa. Sai ka ga samari biyu sun tsuguna gaban benci, sun jera wayoyinsu kai da kai, sun hana kowa motsi, suna jiran wani ɗan kiɗan kira ko hoto guda ya tsallaka daga wannan zuwa waccan. In wani ya bi ta wurin ya girgiza bencin, shi ke nan, sai a sake sabon lale. Sunan abin infirared, kuma yawancinmu a nan muka san shi, a nan muka rabu da shi.

Amma ba don kiɗan kira aka ƙirƙiro wannan 'yar taga ba. Kafin ta iso hannun samarinmu ta shafe kusan shekara goma tana aiki a jakunkunan 'yan kasuwa da injiniyoyi da likitocin Amurka da Turai da Japan, tana ƙoƙarin warware wata matsala da har yau ba ta rabu da mu ba. Mutum ne ke da bayanansa a wuri biyu, a na'urar da ke aljihunsa da kuma kwamfutar da ke kan teburinsa. Yaya za a yi bakinsu ya zo ɗaya?

Hasken da ido bai kai gare shi ba

Shi kansa hasken an san da shi tun kafin a yi mafarkin kwamfuta. A shekarar 1800 William Herschel, masanin taurari haifaffen Jamus mazaunin Ingila, ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru maimakon ya ragu. Ashe akwai haske a wurin, idon ɗan Adam ne bai kai gare shi ba. Ma'anar sunan ke nan, abin da ke ƙasa da ja.

Wajejen 1980 masu ƙera talabijin suka fara sa shi a rimot, kuma har gobe yana nan. In kana son gani da idonka, saita bakin rimot ɗin gidanku ga kyamarar waya ka danna maɓalli. A yawancin wayoyi za ka ga wani ɗan haske mai ruwan shanshanbale yana ƙyaftawa. Sai dai shi rimot umarni kawai yake bayarwa, ba ya jiran amsa. Abin da masu kwamfuta ke nema ya fi haka wuya, domin so suke na'urori biyu su yi hira, wannan ta faɗa waccan ta ce ta ji.

Kamfanin Hewlett-Packard na cikin waɗanda suka fara gwadawa, a na'urorinsa na lissafi da kuma 'yar kwamfutarsa ta tafin hannu HP 95LX da ta fito a 1991. Sharp na Japan ma yana da tasa hanyar. Matsalar ita ce kowa da yarensa, na'urar wannan kamfani ba ta jin ta wancan. Shi ya sa a 1993 kamfanoni kusan 50 suka haɗu suka kafa ƙungiyar da ake kira IrDA, a 1994 kuma suka fitar da ƙa'idar da kowa zai bi. Ƙa'idar ta ce tazarar na'urorin kada ta wuce mita 1, kada ɗaya ta karkace daga saitin ɗaya fiye da digiri 15, gudun saƙo kuma ya kai ɗigo 115,200 a daƙiƙa. A 1995 aka ƙaro wani mataki da ya kai ɗigo miliyan 4 a daƙiƙa. Kayan haɗin ba su da tsada ko kaɗan, ɗan ƙwan fitila ne da ɗan ido mai karɓar haske, ba sa cin batir sosai, ba sa bukatar lasisin gwamnati kamar zangon rediyo. Kafin ƙarshen shekarun 1990 da wuya ka ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka ta IBM ko Toshiba ko Compaq ba ka ga baƙar tagar nan a baya ko a gefenta ba. Hatta iMac ta farko da Apple ya fitar a 1998 tana da ita a gaba.

Yadda suke hirar akwai ban sha'awa, kai ka ce wani dattijo ne ya koya musu ladabi. Na'urar da ke son magana sai ta fara kasa kunne na rabin daƙiƙa, ko akwai wasu da ke tsakiyar zance. In ta ji shiru sai ta yi sallama, wadda ke kusa ta amsa ta faɗi sunanta. Gaisuwar farko a hankali ake yin ta, a kan gudun ɗigo 9,600, wanda kowace na'ura ke iya ji. A cikin gaisuwar ne kowacce za ta faɗi iyakar saurinta, sai su tsaya a kan abin da mai rauninsu za ta iya. Daga nan ɗaya ta zama mai jan ragama, ɗaya mai bi, kuma ba a haɗa baki: in wannan tana haskawa waccan tana kallo, domin hasken fitilar na'ura yakan kashe wa nata idon gani. Ba wadda ke riƙe magana fiye da rabin daƙiƙa ba ta miƙa wa 'yar'uwarta ba. Saƙon kansa kuwa ƙyaftawa ce da duhu, ƙyaftawa ɗaya na nufin sifili, rashinta na nufin ɗaya.

Katako a aljihun riga

A ɗaya ɓangaren kuma na'urar aljihun ce ke ta rarrafe. Kamfanin Psion na Birtaniya ya fitar da Organiser tun 1984. A watan Janairun 1992 shugaban Apple na lokacin, John Sculley, ya raɗa wa irin waɗannan na'urori sunan da ya bi su, PDA, wato mataimaki na musamman da ke aiki da lantarki. Tasu na'urar, Newton, ta fito a 1993 a kan dala 699, da tagar infirared a samanta, amma ta yi nauyi, ta yi tsada, ga shi ba ta iya karanta rubutun hannu yadda aka yi alkawari. Ta zama abin barkwanci a jaridun Amurka.

Wanda ya gano bakin zaren shi ne Jeff Hawkins, wanda ya kafa kamfanin Palm a Kalifoniya a 1992. Shi ma ya sha ƙasa da farko, domin Zoomer, na'urar da ya yi aiki a kanta tare da Casio da Tandy, ba ta yi kasuwa ba. Darasin da ya ɗauka shi ne mutane ba sa neman kwamfuta ta biyu a aljihu. Abin da suke nema shi ne madadin ɗan littafin nan na takarda da suke rubuta lambobi da alkawura, amma wanda zai riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da kwamfutarsu. Sai ya sassaƙa guntun katako daidai aljihun riga, ya riƙa yawo da shi. In wani ya ce su haɗu ran kaza, sai ya zaro katakon ya yi kamar yana rubutawa da tsinke, don ya ji ko abin zai yi daɗin riƙo, kuma dannawa nawa aikin zai ci.

A watan Maris na 1996 katakon ya zama Pilot 1000 da Pilot 5000, a ƙarƙashin kamfanin U.S. Robotics da ya sayi Palm a 1995. Ƙaramar dala 299 ce, ma'ajiyarta kilobayit 128 kacal, wato ko hoto ɗaya na wayar yau ba zai shiga ba. Ƙananan batura biyu ke riƙe ta makonni. Ayyukanta huɗu ne: kalandar alkawura, kundin adireshi, jerin abubuwan yi, da allon rubutu. Cikin wata 18 aka sayar da miliyan guda.

Sirrinta kuwa yana cikin ɗan mazaunin roba da take zuwa da shi, mai igiya da ake soka wa kwamfuta a baya, da maɓalli guda ɗaya tak a gaba. Ka dawo ofis, ka zaunar da ita, ka danna, ta yi 'yar ƙara, bayan ɗan lokaci ta sake yin wata. An gama. Sunan wannan aiki HotSync.

Littafi biyu, ciniki ɗaya

Ya kamata a tsaya nan kaɗan, domin mutane da yawa suna ɗauka daidaita bayanai da kwafe bayanai abu ɗaya ne. Akwai bambanci babba.

Ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari mai littafin bashi biyu, ɗaya a shago hannun yaronsa, ɗaya a aljihunsa yana zagayawa da shi wajen abokan ciniki. Da rana wani ya zo shago ya biya rabin bashinsa, yaro ya rubuta. Shi kuma maigida a can ya ba wani sabon mutum kaya, ya rubuta a nasa, ya kuma soke sunan wani da ya gama biya. Da magariba in aka ce a kwafe littafin maigida a kan na shago, biyan da aka yi wa yaro ya ɓace. In aka kwafe na shago a kan na maigida, sabon bashi ya ɓace, wanda ya gama biya kuma ya dawo cikin masu bashi. Abin da ya dace shi ne su zauna su bi layi-layi, kowa ya faɗi abin da ya canza a wurinsa tun zaman jiya.

Abin da HotSync ke yi ke nan. Kowane suna, kowane alkawari, yana da lambarsa da ba ta canzawa, yana kuma da 'yar alama da ke tashi da zarar an taɓa shi. In aka goge abu, ba ya ɓacewa nan take, sai a bar shaidar cewa an goge shi, don ɗaya ɓangaren ya sani ya goge nasa. Lokacin daidaitawa waɗanda alamarsu ta tashi kawai ake dubawa, shi ya sa aikin ke ƙarewa da wuri. To idan an gyara abu ɗaya a wuri biyu fa, maigida ya canza lambar mutum a aljihu, sakatare ya canza ta daban a ofis? A nan na'urar ba ta yin shisshigi. Sai ta ajiye duka biyun, ta rubuta a rahotonta cewa ga rigima, mai abu ya zo ya raba gardama da kansa.

Wani ɗan sirri kuma da masu kwamfuta biyu suka sani shi ne, na'urar tana tuna kwamfutar da ta yi hira da ita a ƙarshe. In ka daidaita da ta ofis jiya, yau ka kawo ta gaban ta tafiya, alamomin nan ba abin dogaro ba ne kuma, domin ta ofis ta riga ta sauke su. Dole a bi duk bayanan ɗaya bayan ɗaya. Ta igiya wannan ɗan jinkiri ne. Ta haske kuwa, sai ka nemi wurin zama.

Daidaitawar ba ado ba ce, domin ma'ajiyar waɗannan na'urori da wutar batir take rayuwa. In batura suka mutu aka bar su, ko wajen canza su ka tsaya hira fiye da kamar minti guda, komai na iya gogewa, ka kunna ka tarar da ita fayau kamar ranar da aka saye ta. Wanda ya daidaita jiya dannawa ɗaya zai yi komai ya dawo. Wanda ya yi wata bai yi ba sai dai haƙuri.

An ajiye igiya

Mazaunin nan yana da kyau ga mai zaman ofis, amma matafiyi kaya ne a gare shi: ga kwamfuta, ga cajarta, ga igiyar tarho, ga kuma mazauni mai kusurwa da igiyarsa mai kauri. In ka manta shi a gida, tafiyar mako guda ba daidaitawa.

A watan Fabrairun 1998 Steve Jobs ya rufe babin Newton. Wata guda bayan haka Palm, wanda a lokacin ya koma hannun 3Com, ya fitar da Palm III a kan dala 399, da ma'ajiyar megabayit 2, da tagar infirared a samanta. An daina kiranta Pilot saboda ƙarar da kamfanin alƙaluma mai wannan suna ya shigar. Da farko tagar tsakanin Palm da Palm take aiki, kuma nan da nan ta haifar da wata sabuwar al'ada a wuraren taro. Mutum biyu sun gaisa, maimakon su miƙa wa juna katin adireshi, sai kowa ya zaro na'urarsa, su saita su baki da baki, ɗaya ya danne maɓallin adireshi na daƙiƙa biyu. Sunansa da lambarsa da wurin aikinsa sai su bayyana a fuskar ta ɗayan, tana tambaya ko a karɓa. Haka ake tura wasanni da ƙananan manhajoji daga hannu zuwa hannu.

Daidaitawa da kwamfuta ta wannan taga ta biyo baya, da farko a matsayin ƙarin manhaja, sannan a 1999 aka saka ta cikin Palm OS 3.3. Dabarar da aka yi ita ce yaudarar kwamfuta: wani sashe na ƙa'idar IrDA mai suna IrCOMM yana sa tagar haske ta yi shigar kafar igiya, manhajar HotSync ta ɗauka igiyarta ce ta kullum, alhali babu komai tsakani sai iska. Microsoft ma ya bi wannan hanya da manhajarsa ActiveSync, ga na'urorin Windows CE da kuma Pocket PC irin su iPAQ ta Compaq da ta fito a 2000. Psion Series 5 ta 1997 ita ma tana da tagarta.

Ga yadda abin yake a aikace. Mutum ya sauka masauki da dare bayan yinin taro, aljihunsa cike da sababbin sunaye. Ya buɗe kwamfuta a kan tebur, ya leƙa ya gano inda tagarta take, domin wata a baya take, wata a hagu. In a baya take sai ya juya kwamfutar ko ya zagaya. Ya kwantar da na'urar aljihu kamar taƙi ɗaya ko biyu daga tagar, ya ga ta yi ƙasa da yawa, ya jawo littafi ya ɗora ta. Ya kawar da kofin shayi daga tsakani, ya karkatar da fitilar tebur. Kwamfuta ta yi 'yar ƙara, wata alama ta fito a ƙasan fuskarta, ta ga baƙuwa. Ya ɗauki tsinken rubutu ya taɓa alamar HotSync a hankali yadda na'urar ba za ta gusa ba, ya janye hannu. Kibiyoyi suka fara juyawa, kalanda ta wuce, adireshi ya wuce. Daga nan har a gama ba ya jingina da teburin.

Saurin kuwa sai mai haƙuri. Ɗigo 115,200 a daƙiƙa bai wuce kilobayit 11 da 'yan kai ba, in komai ya tafi daidai. Da za a tura hoton wayar yau mai megabayit 3 ta wannan hanya, sai ya ci kusan minti biyar. Amma suna da lamba da ranar taro ba su da nauyi, don haka ga aikin da aka yi ta dominsa, ta wadatar. Wasu ma da ita suke shiga intanet: su jera na'urar aljihu da wayar salula mai taga, irin Ericsson SH888 ta 1998, wayar ta buga layi a kan gudun ɗigo 9,600, su sauke wasiƙunsu a cikin jirgin ƙasa, na'urorin biyu a kan cinya, ana addu'ar kada jirgi ya yi girgiza.

Ba kullum ake dacewa ba. Hasken rana yana ɗauke da infirared mai yawa, don haka kusa da taga da rana tsaka hira ba ta yiwuwa, wasu fitilun ofis ma suna kawo cikas. A kwamfutoci da yawa tagar a kashe take zuwa, sai an shiga can cikin saitin BIOS an kunna ta, wani lokaci kuma ta yi rigimar gurbi da modem. Da Windows 2000 ta fito, sai aka tarar ta daina ba manhajoji waccan kafar igiya ta ƙarya da Windows 98 ke bayarwa, mutane da yawa suka wayi gari abin da ke aiki jiya ya tsaya, har sai da Palm ya sabunta manhajarsa ta riƙa magana da tagar kai tsaye. Masu Linux kuwa da hannunsu suka gina tasu hanyar. Wani ɗan Nowe mai suna Dag Brattli ne ya jagoranci rubuta sashen IrDA na Linux, masu amfani kuma su haɗa shi da manhajar pilot-link, su kwana suna gwada saiti har sai na'urar ta amsa.

Inda ta yi rana a Afirka

Wannan fasaha ta taɓa yin aikin da ya fi na katin adireshi. A Yuganda, daga 2003, wata ƙungiyar Amurka mai suna SATELLIFE da abokan aikinta na Jami'ar Makerere, da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada, sun raba wa ma'aikatan lafiya na karkara na'urorin Palm, aka fara da gundumomin Rakai da Mbale. Yawancin asibitocin ba su da kwamfuta ba su da layin tarho. Sai aka kafa wani ɗan akwati a wasu cibiyoyi, mai tagar infirared a gaba da layin salula a ciki. Ma'aikaciyar jinya ta cike rahoton cututtuka a na'urarta, ta zo gaban akwatin ta saita ta haska masa, shi kuma ya haska mata sababbin bayanan magani da aka aiko daga Kampala. Daga baya akwatin ya buga waya ya isar da rahoton. Takardar da a da sai an jira mai babur ya kai ta hedikwatar gunduma, ga shi tana tafiya ta haske da iska.

Mu kuwa a Nijeriya layukan GSM sun fara aiki ne a watan Agustan 2001, lokacin da na'urar aljihu ke kan ganiyarta a waje. Kaɗan ne suka riƙe ta a nan, galibi ma'aikatan banki da na kamfanonin mai da malaman jami'a masu fita waje. Jama'a sun tsallake wannan mataki gaba ɗaya, daga littafin lambobi na takarda sai wayar hannu. Shi ya sa tagar da wasu suka sani da daidaita kalanda, mu muka san ta da kiɗan kira da wasan maciji na mutum biyu, wanda Nokia 6110 ta fara kawowa.

Yadda ta kau

Abin da ya kayar da infirared ya fara tsiro tun tana tashe. A 1994 injiniyoyin Ericsson a garin Lund na Suwidin suka fara neman hanyar haɗa waya da kayanta ta gajeren zangon rediyo. A 1998 Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba suka kafa ƙungiya a kan abin, suka sa masa sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na 10, Harald Bluetooth. Shi rediyo ba ruwansa da saiti. Yana kai mita 10, yana ratsa aljihu da jaka, ba ya tsoron rana, ba ya tsoron kofin shayi. A ɓangaren igiya kuma USB ta zo da saurin da ya ninka na tsohuwar kafa sau da yawa, ga ta tana cajin na'ura a lokaci guda. Handspring, kamfanin da Hawkins ya kafa tare da Donna Dubinsky da Ed Colligan bayan sun bar Palm a 1998, da mazaunin USB ya fitar da Visor a 1999. A 2002 Palm da kansa ya sa Bluetooth a cikin Tungsten T.

Amma bugun da ya fi ƙarfi daga wani wuri ya zo. BlackBerry ta nuna cewa wasiƙa na iya iske mutum a aljihu ba tare da ya je gaban kwamfuta ba. Na'urar aljihu da wayar salula suka narke suka zama abu ɗaya, iPhone ta fito a 2007, wayar Android ta farko a 2008. Kwamfutar tebur ta sauka daga kujerar uwar ɗaki, rumbunan manyan kamfanoni na intanet suka hau. Masu ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka suka riƙa cire tagar ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi kuka. A Japan ne ta fi daɗewa, inda musayar lamba ta infirared ta zama al'adar matasa har bayan zuwan wayoyin zamani. Hewlett-Packard ya sayi Palm a 2010 a kan dala biliyan 1.2, a 2011 ya daina ƙera na'urorinsa. A 2018 masu kula da Linux suka cire sashen IrDA gaba ɗaya daga fitowa ta 4.17, saboda ba mai kula da shi.

Abin da ta bari

Tagar ta tafi, amma kayan cikinta suna nan. Tsarin tura fayil da IrDA ta ƙirƙiro, OBEX, shi Bluetooth ya ara ya ci gaba da amfani da shi, don haka duk wanda ya taɓa tura waƙa ta Bluetooth a kasuwar wayoyi ta Farm Centre ya bi ta kan gadar da aka gina wa haske. Tsarin katin adireshi na vCard, wanda Palm ke haskawa a wuraren taro, shi ne har yau ke ɗauke da lamba in ka fitar da ita daga waya ka tura wa wani. Sunan ActiveSync ma ya rayu a tsarin da wayoyi ke karɓar wasiƙun ofis da shi. Tambayar nan ta littafi biyu kuwa ba inda ta je. In ka taɓa ganin sunan mutum ɗaya ya fito sau uku a wayarka, to rigimar maigida da yaron shago ce ba a raba ba.

Akwai abu guda da aka yi asara, kuma ya cancanci a faɗe shi. Raunin infirared shi ne kuma amincinta. Saƙon da ba ya wuce mita ɗaya, ba ya ratsa bango, sai an saita shi da gangan, da wuya wani na nesa ya saurare shi. Mai Palm ya san bayanansa wuri biyu suke, aljihunsa da teburinsa, ya san lokacin da suka haɗu domin shi ya haɗa su da hannunsa. Yau daidaitawa tana faruwa ne muna barci, da rumbun da ba mu san ƙasar da yake ba, a ƙarƙashin sharuɗɗan da muka amince da su ba mu karanta ba. An samu sauƙi ƙwarai, ba mai musun haka, amma sauƙin ya sa da yawanmu ba mu ma san ko ana yi ko ba a yi ba.

Shaidar hakan tana fitowa kullum a Facebook da WhatsApp: an sace wayata, duk lambobi sun tafi, don Allah kowa ya turo tasa. Mai Palm na 1999, da littafinsa a ƙarƙashin na'ura da numfashinsa a riƙe, ya fi mai wannan saƙo tsaron kayansa, domin ya san kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. Don haka mai karatu, kafin ka kwanta yau, buɗe saitin wayarka ka duba inda lambobinka suke zaune, a kan layi ne, a cikin wayar ne, ko a asusunka na intanet, ka kuma tabbata kana tuna kalmar sirrin asusun. In da hali ka fitar da kwafi ka ajiye a kwamfuta ko a wani katin ajiya daban. Ba a fafe gora ranar tafiya.